Ɗan Kanta, Ina Mutum Biyar Ɗinku?

Gaishe ka Bakabe, angon Matan Fada, mai homa da gora, wanda ba ya gaskata labari sai an ɗora shi a kan sikeli. Ina gajiyar Sallah? Ina ƙarni? An ce tun da aka tsegunta maka zan sa ka a jarida barci ya ƙaurace maka, kana ta aike Birnin Kebbi a tambayo ko ta fito. To ga ta nan. Ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa, takardar aro ce, kada ta koma wurin mai ita kuliyoyin unguwa na biye da ita.

Zancen ƙwallon kwando ne, kuma kada ka ce za ka tashi ka duba taru. Zauna.

Saboda sauran mutanen Argungu da za su taru a karanta musu, bari in faro daga tushe. Akwai gasar da ake kira BAL, ta zakarun kulob-kulob na ƙwallon kwando a Afirka. NBA ta Amurka da FIBA mai kula da wasan a duniya suka haɗa hannu suka kafa ta, aka buga ta farko a 2021 a Kigali ta ƙasar Ruwanda. Kulob 12 ke shiga. A tsarin 2025 an raba su rukuni uku, kowane rukuni ya yi nasa a gari guda, takwas da suka fi ƙoƙari suka haye matakin ƙarshe. Can kuma, da aka gama wasan jera matsayi, sai sili ɗaya ƙwale, wanda aka doke ya tattara takalmansa. Sau huɗu a jere a Kigali aka ɗaga kofin. Na 2025 ne aka kai Pretoria ta Afirka ta Kudu. An fara ranar 6 ga Yuni, ranar Babbar Sallah, lokacin kana tsugune kana babbakar kan rago, aka rufe ranar Asabar 14 ga wata tsakanin Petro de Luanda ta Angola da Al Ahli ta Tarabulus a Libiya.

A wannan Asabar ɗin Allah ya jeho min kai. Wai gaisuwar Sallah, bayan Sallah ta yi mako. Kowa ya san lissafinka, taubashina: ka bari a gama rabon ɗanye, soyayye ya kwanta a cikin mai ya yi daɗi, sannan ka bayyana da 'yar ledar banda a hannu kana cewa ka kawo wa yara tsaraba. Ka tarar da ni a gindin dogon yaro, na jingina waya da butar shayi ina kallo. Ka ja kujera, ka ja kwanon nama gabanka, ka ƙura wa wayar ido. Ƙwallon farko da ta faɗa raga ta zube ƙasa, sai ka dafe ƙirji ka ce, “Kai, wagga raga hudadda ta! Mi za ta riƙewa?”

Na yi maka bayani da harshe mai sauƙi, irin wanda ake yi wa Bakabe, cewa da gangan aka bar ta a buɗe. Ka girgiza kai ka ce a duk Kabi ba a taɓa jin mai hankali ya saƙa raga ya bar ƙasanta a sake ba, kuma da yaronka ne ya yi wannan saƙar da yau bai ci tuwo ba. Abin haushin shi ne tarihi ya ɗan goyi bayanka. A watan Disamba na 1891, da James Naismith, wani malamin motsa jiki ɗan Kanada, ya ƙirƙiro wasan a garin Springfield na Amurka, kwandunan zuba 'ya'yan itace guda biyu ya samo ya kafa a sama, tsayin ƙafa 10. Kwanduna ne sosai masu gindi. Duk ƙwallon da ta shiga sai an tsayar da wasa wani ya hau ya ciro ta. Daga baya aka gaji aka fasa gindin. Da na gaya maka haka sai fuskarka ta washe, ka ce ashe dai na farkon shi ne mai hankali, jikokinsa ne suka lalace. Da a hannunku aka bar wasan nan, da har yau kowane kulob yana tafiya Kigali da tsaninsa.

Ba ka tsaya nan ba. Ka ƙirga 'yan wasa ka ga biyar nan biyar can, ka ce wannan ai ba gasa ba ce, a kogin Matan Fada in aka harba bindiga dubbai ke aukawa ruwa lokaci guda. Ka tambayi abin da ya sa mutum zai riƙa bubbuga ƙwallo a ƙasa yana tafiya, maimakon ya rungume abinsa ya ruga. Na ce in ya rungume ya yi gudu alƙalin wasa zai hura usur. Ka ce to alƙalin ɗan baƙin ciki ne. Da na ce maka daƙiƙa 24 kawai ake ba kowane ɓangare ya kai hari ya jefa, in lokaci ya cika a karɓe a ba abokan hamayya, sai ka yi shiru. Na san dalili. Kai da gaisuwarka kaɗai, daga ina kwana zuwa ina ruwa, ina shinkafa, ina jirgi, ina su wane na Gulma da Augie, takan cinye zubi guda na wasan, wato minti 10 cur.

Sai batun zaɓen gwani. Ka tambaya wa ke riƙe da kofi, na ce Petro, su suka ci na 2024, wannan kuma shi ne wasan ƙarshe na uku da suka zo. Nan take ka zama ɗan Angola. Ni kuwa na tsaya a kan Tarabulus, don mu Katsinawa ba ma yar da tsohon abokin ciniki. Tun kakanninka suna koyon ɗaure gora, ayarin raƙuma ke tasowa daga Tarabulus su bi ta Gadamas da Gat da Agadas su sauke kaya a Katsina. Ka yi ta ihu duk lokacin da Petro ta jefa, kana buga min cinya da hannu mai maiƙo. Da tazara ta fara buɗewa ihun ya koma tari. Aka tashi 88 da 67, Al Ahli ta ɗauki kofi a shekararta ta farko a gasar, aka ba wani ɗan Senegal mai suna Jean Jacques Boissy kyautar gwarzon gasa. Ina waiwayowa na ji kana gaya wa mai shayi, “Ai ni dama Larabawan nan nika so.” Kifi na ganinka, mai jar koma.

Amma wanda ba zan yafe maka ba shi ne na dare. Ka ƙi komawa gida wai dare ya yi, alhali daga Birnin Kebbi zuwa Argungu ba ta kai tafiyar da za ta sa ɗan Kanta kwana a hanya ba, sai dai in akwai sauran nama a kwano. Wajen ƙarfe ɗaya na dare yara suka kunna wasan buɗe gasar cin kofin duniya ta kulob-kulob na ƙwallon ƙafa, Inter Miami ta su Messi da Al Ahly, aka tashi canjaras ba ci. Ka leƙo da zanin rufa a kafaɗa, ka ji sunan, ka riƙe baki ka ce, “La ila! Mutanen ga ba su gajiya? Ɗazu suna Afirka ta Kudu da kwando, yanzu suna Amurka da ƙahwa?” Har yau yaran gidana in suna son dariya wannan suke maimaitawa.

To saurara in warware maka, don kada ka je fada ka ba da mu kunya. Al Ahly ta Alƙahira daban, ita ce ta kara da su Messi, kuma sashenta na ƙwallon kwando ne ya ci BAL a 2023. Akwai Al Ahly ta Bingazi, ita Petro ta doke 107 da 94 a wasan ƙarshe na 2024. Sannan ga ta Tarabulus da ta rama wa Libiya. Uku ke nan. In ya yi maka yawa ka sa yaro ya rubuta maka a jikin gora.

Yanzu duba inda kofin nan ya kwana tun da aka fara har zuwa 2025. Zamalek ta Masar a 2021, US Monastir ta Tunisiya a 2022, sai Masar kuma, sai Angola, sai Libiya. A shekara biyar ɗin nan bai taɓa kwana a Afirka ta Yamma ba. AS Douanes ta Senegal ce ta fi kusa, ta je wasan ƙarshe a 2023 aka doke ta 80 da 65, kuma Boissy ɗin nan yana cikinta a lokacin. Mu kuwa a Najeriya abin da muka fi tinƙaho da shi na uku ne, wanda Rivers Hoopers ta Fatakwal ta samo a 2024, har aka zaɓi kocinta Ogoh Odaudu gwarzon masu horarwa. A Pretoria kuma APR ta Ruwanda ta zuba musu sama da maki 100 ta sallamo su tun kafin wasan kusa da na ƙarshe. Ka lura da garin da na ambata, Fatakwal. Su ma mutanen ruwa ne, su ma da kifi aka yaye su. Saboda haka karin maganar da ka jefo min ranar, wai ruwa ba sa'an kwando ba ne, ka mayar da ita aljihu.

Nan zan ɗan sassauta maka, don laifin ba na Kabawa kaɗai ba ne. Kulob ɗin da ke zuwa ƙarshen gasar nan kowanne yana da uban gida mai ɗorewa. Petro tana jingine da Sonangol, kamfanin man Angola. AS Douanes ta hukumar kwastan ce, APR ta sojoji. Al Ahly ta Alƙahira tun 1907 take, Zamalek tun 1911, suna da zaurukan wasa da gasar cikin gida da ba ta yankewa. Mu kuwa tun 2017 hukumar ƙwallon kwandonmu ta rabe gida biyu, kowane ɓangare na cewa shi ne halastacce, gasar cikin gida ta yi ta tsayawa tana tashi. A 2022 ko wakili ba mu tura BAL ba. A shekarar ce kuma gwamnati ta sanar da janye ƙasar daga wasannin duniya, kafin ta janye janyewar FIBA ta riga ta ba Mali gurbin 'yan matanmu a gasar cin kofin duniya. 'Yan matan da suka ci kofin Afirka a 2017 da 2019 da 2021, suka ƙara a 2023, sannan a wasannin Olamfik na Faris a 2024 suka zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen 'yan takwas. Irin waɗannan aka zaunar a gida saboda rigimar kujera. Wannan ko ni Bakatsine ban iya mayar da shi abin dariya ba.

Shi ke nan, sassaucin ya ƙare. Dawo nan.

Arewa ba baƙuwar wasan nan ba ce. Kano Pillars ta sha cin gasar Najeriya, ta kuma zo ta uku a gasar kulob-kulob ta Afirka a Alƙahira a 2016, kafin a haifi BAL. Zariya ta raini Masai Ujiri, wanda yana shugabancin Toronto Raptors suka ci kofin NBA a 2019, kuma a Zariyar ce Ba'amurken koci Oliver Johnson ya shafe shekaru yana koya wa yara. Kwara Falcons ta Ilori ta je BAL a 2023. An lallasa ta, amma dai ta je, an ga rigarta a talabijin. Kanawa sun yi, Zagezagi sun yi. Ɗan Kanta, ina mutum biyar ɗinku?

Na san abin da ke bakinka: Katsina fa? Mu muna da uzuri, kuma duniya ta shaida. Kunya gare mu. Ɗan ɗakin kara ba zai sa singileti da gajeren wando ya yi ta tsalle gaban surukai ba. Ku fa? Ku da kuke faɗawa Matan Fada da ɗan kamfai a gaban Sarkin Kabi da gwamnoni da baƙin Turai da masu ɗaukar hoto, tun 1934 kuke wannan, har UNESCO ta sa ku a kundinta a 2016. Wace kunya ta rage da za ta hana ku gajeren wando?

Ni na gano ainihin ciwon, kuma tsoho ne. Ƙwallon kwando wasan miƙa wa ɗan'uwa ne, Bakabe kuwa bai iya miƙawa ba. A farkon ƙarni na 16 kakanka Kanta ya bi Askiya Muhammadu na Songhai yaƙin Agadas, aka dawo aka zo rabon ganima, ya ga kason bai yi masa ba, ya ɓalle ya kafa daularsa ya gina Surame. Jarumi ne, ba musu, kuma namu ne, tun da masu tarihin baka sun ce mahaifiyarsa 'yar Katsina ce, ka ga inda jarumtar ta fito. Amma wannan hali na abin da ya shigo hannu ba ya fita, shi kuka gada kuka bar sauran. Na gani da idona a kan kwanon nama. In aka ba Bakabe ƙwallo a fili, sai dai a kira Sarkin Ruwa ya roƙe shi ya saki. Batun jifa daga nesa kuwa, irin mai maki uku, kada ma ka ja da mu. Ka tambayi masu tarihin nan a ƙasar wa aka harba kibiyar da ta sami Kanta a hanyarsa ta dawowa daga yaƙin Barno. Allah ya jiƙan mazan jiya. Na yi shiru, kada a hana ni shiga gidan tarihi.

Sai uzurin tsawo, wanda na san shi za ka fake da shi, tun da kai in ka tsaya a bayan buhun shinkafa biyu sai an yi cigiya. Mu da muka gina Gobarau mun san darajar tsawo, amma ba shi kaɗai ke wasan ba. An yi wani Muggsy Bogues a NBA, tsayinsa mita 1.60, ya shekara 14 yana bugawa a tsakiyar ƙatti. Boissy da ya ɗauki kyautar gwarzo shi ma ba ya cikin dogayen filin. Kuma wa ya ce babu dogaye a Kabi? Ka tsaya bakin kasuwar Argungu ranar da ta ci, ko ƙofar injin casar shinkafa, ka ga samarin da ke sauke buhuna. Ka dubi 'yan kokawa da 'yan damben da ke zuwa bikinku daga Arewa da Dandi da Zabarma. Ka dubi yaran da ke kabanci, masu nutso su daɗe ba su ɗago ba, masu kama agwagwa da hannu a tsakiyar ruwa. Numfashi da idon da hannun da ake nema duk ga su nan. Yaron da zai cafke agwagwa tana gudun ranta, ƙwallo ce za ta gagare shi?

Abin da babu shi ne wurin yi da mai koyarwa, kuma nan ne nake jin haushinku da gaske. Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsaye, 15 a kwance. Daɓen da kuke shanya shinkafa a kai ya fi shi. Siminti ne, da ƙarfe biyu, da allo biyu, da zobe biyu, sai ragar nan da ka raina, wadda kowane tsoho a bakin Matan Fada zai saƙa ta kafin shayinsa ya huce, in dai an lallashe shi ya bar ƙasan a buɗe. Ba ya cin fili, ba ya son ciyawa, ba a ba shi ruwa. Jihar da ta iya haɗa kai da Legas ta cika kasuwa da shinkafa ba za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba. Bikinku ya riga ya ɗauki kokawa da dambe da tseren motoci da baje kolin amfanin gona. Me zai hana a ƙara gasar ƙwallon kwando ta makarantun sakandare, maza da mata, Argungu da Gwandu da Yawuri da Zuru kowace masarauta ta kawo nata, a yi wasan ƙarshe ana gobe su? Kai da kake cewa kana da faɗa a ji a wurin masu shirya biki, ga ranarka. Ko dai faɗa a jin naka bai wuce samun kujera a rumfa ba?

Kuma don Allah, in mun haɗu, ka hutar da ni labarin kifin nan mai kilo 78 na bikin 2020. Duk wanda ya ji yadda kake ba da shi sai ya ɗauka kai ka rungumo shi. Na bincika a unguwarku. An ce rabonka da shiga ruwa tun kafin tumbin nan ya fito, kuma ko a wancan zamanin babban abin da ka taɓa fitarwa tarwaɗa ce, ita ma wai ta gaji ne.

Ga hukunci. Watan cika-ciki ya ƙarato, na san har ka fara lissafin kuɗin sharar da kake karɓa a wurina duk shekara. Bana da sharaɗi. Ka zo Birnin Kebbi, akwai makarantar da ke da zobe a kafe, na riga na nemi izini. Zan tsayar da kai a layin jifan kyauta, ba mai tare ka, ba mai taɓa ka, in ba ka jifa goma. Ɗaya tak ta shiga, ka karɓi shararka har da ƙari. In duk suka zube, giwan ruwa guda, ɗanye, har ƙofar gidana, kuma ni zan zo da sikelin. Ban yarda da wakili ba, ban yarda a zo da tsani ba, kuma ba a cire hula a ce iska ce ta kaɗa ƙwallon. Masu karatu na Birnin Kebbi da Kalgo da Jega, duk wanda ke da sarari ya zo ya yi shaida, kallo kyauta ne.

Ka gaida uwargida. Ka ce mata tuwon shinkafarta ne ya sa har yau nake amsa sallamarka.